Wuƙar aljihu: digiri nawa za a wasa ta, a wane dutse kuma za a tsaya?

Duk shekara idan Sallar Layya ta rage kwana biyu ko uku, masu injin wasa wuƙa ba su da lokacin kansu. A Katako ta Yamai, da kasuwar Dole ta Damagaram, da bakin titunan Maraɗi da Tawa, za ka tarar mutane sun yi cincirindo, kowa da wuƙaƙensa naɗe a tsumma ko takardar siminti: ta yanka, ta fiɗa, da addar sara ƙashi. Kafin a tashi sai wani ya laluba aljihu ya ciro 'yar wuƙarsa mai naɗewa, ya ce a haɗa da ita. Mai inji ya ɗora ta a kan dutsen da yanzun nan ya gama cin adda, tartsatsi ya tashi, kafin a gama ƙirga kuɗin aiki an miƙo ta tana walƙiya. Ranar kam za ta yanka. Bayan mako guda ko fatar tumatir ba ta iya ratsawa, mai ita kuma ya yanke hukunci cewa ƙarfen ne na banza.

Wani lokaci ƙarfen ne, gaskiya. Amma galibi matsalar tana wurin abubuwa uku da ba a cika zancensu ba: kusurwar da aka ba bakin wuƙar, laushin dutsen da aka tsaya a kansa, da wani ɗan leɓen ƙarfe da ake bari a baki bayan an gama washi. A cikin ukun nan kusurwa ce babba, ita ce kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Wuƙaƙen da ake magana a kansu ba baƙi ba ne a yankinmu. Akwai Douk-Douk, siririya mai mariƙin ƙarfe, wadda gidan Cognet na garin Thiers a Faransa ya fara ƙerawa a 1929. An yi ta ne don tsibiran tekun Pasifik, can ba ta karɓu ba, sai ta sami kasuwa a Arewacin Afirka da sauran ƙasashen da Faransa ta mallaka. Akwai Okapi, wadda aka fara yi a Solingen ta Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka, daga baya a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Akwai Opinel mai ƙotar itace, wadda Joseph Opinel ya ƙirƙiro a yankin Savoie a 1890, da jar wuƙar nan ta Victorinox mai almakashi da mabuɗin kwalba. Sai kuma waɗanda suka fi yawa a kan teburan 'yan koli a yau, marasa suna, masu zuwa daga Sin. Dukansu doka ɗaya ce ke aiki a bakinsu.

Abin da ke faruwa a bakin wuƙa

Kaifi wuri ne da gefe biyu na ƙarfe suka gangaro suka haɗu. Idan haɗuwar ta yi siriri, ƙarfin hannunka gaba ɗaya yana taruwa a kan layi guda da ido ba ya gani, sai abin da ake yankawa ya rabe. John Verhoeven, masanin ƙarfe na jami'ar jihar Iowa a Amurka, ya fitar da wani bincike a 2004 inda ya ɗauki hoton bakin wuƙaƙe da rezoji da na'urar da ke girmama abu sau dubbai. Kaurin bakin sabuwar reza bai kai rabin maikiron ba. Maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, silin gashin kai kuwa yakan kai maikiron 50 zuwa 100. Ke nan abin da kake nema a kan dutse ya fi gashi siranta fiye da sau ɗari.

Abu mai siranta haka ba ya daɗewa. Ko dai ya goge a hankali ya zama mulmulalle, ko ya lanƙwashe gefe ɗaya, ko ya ɓantare ya bar giɓi. Kowanne da abin da yake faɗa maka. Lanƙwashewa na nufin ƙarfen yana da taushi, ko kusurwar ta yi masa siriri. Giɓi na nufin ƙarfen yana da tauri amma an haɗa shi da ƙashi ko ƙusa ko waya. Goguwa kuwa ba makawa, sai dai a nan Sahel tana zuwa da wuri saboda dalilin da kowa ke shaƙa: ƙura. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen wuƙa tauri. Igiyar da ta kwana a ƙasa, buhun gero, kwalin da ya sha ƙurar hunturu, fatar ragon da ya yi birgima a turke, duk cike suke da ita. Wanda ya yanka igiyar ɗaure akuya sau goma ya goga wuƙarsa a kan yashi sau goma bai sani ba. Haka nan mai yanka albasa a cikin farantin ƙarfe ko na tangaran, farantin ne ke cinye kaifin tun kafin albasar ta yi komai.

Kusurwa

Akwai wani ruɗani da ya kamata a kawar tukuna. Idan aka ce “digiri 20”, wasu na nufin kusurwar da ke tsakanin wuƙa da dutse a gefe ɗaya, wasu kuma na nufin jimillar gefen biyu. Wuƙar da aka wasa a digiri 20 ta kowane gefe, bakinta digiri 40 ne gaba ɗaya. Rabin gardamar da masu sha'awar wuƙa ke yi daga nan take tasowa, mutum biyu suna faɗin lamba ɗaya alhali ɗaya ya ninka ɗaya. A nan duk inda ban ce “gaba ɗaya” ba, gefe ɗaya nake nufi.

Askar wanzami tana can ƙasa, digiri 8 zuwa 10. Addar saran itace tana sama, wajen 25. Wuƙar aljihu tana tsakani. Opinel na ba masu wuƙarsa shawarar digiri 20, Victorinox kuma 15 zuwa 20. Na'urorin washi da ake sayarwa a Turai da Amurka su ma a nan suke kewayawa: ta kamfanin Spyderco tana da 30 da 40 gaba ɗaya, ta Lansky tana da ramuka huɗu, 17 da 20 da 25 da 30.

Abin da akasarin mutane suka ɗauka shi ne baki mai kauri ya fi daɗewa da kaifi, siriri kuma ya fi saurin mutuwa. Hankali ya yarda da haka, amma gwaji ya nuna cewa maganar rabi ce. A birnin Sheffield na Ingila akwai wata cibiya mai suna CATRA da ke da injin auna kaifi. Ana ɗaure wuƙa, ana ja ta gaba da baya a kan tarin takardu masu kauri da aka cuɗa da garin yashi kashi 5 cikin 100, sannan a auna zurfin da ta yanka. A 2018 wani masanin ƙarfe ɗan Amurka, Larrin Thomas, ya wallafa nazarin irin wannan gwaji da aka yi da ƙarfe iri ɗaya a kusurwoyi daban-daban. Wuƙar da ke da digiri 20 gaba ɗaya ta yanka kusan ninki biyar na abin da mai digiri 50 ta yanka. Ƙarfe ɗaya, tauri ɗaya, kusurwa kawai aka sauya. Tun kafin wannan, a wajen shekarar 2000, kamfanin Buck na Amurka ya rage kusurwar wuƙaƙensa zuwa tsakanin 26 da 32 gaba ɗaya, bayan ya yi gwaji da irin wannan inji.

Dalilin ba mai wuya ba ne. Siririn baki ba ya buƙatar a danna shi da ƙarfi, kuma ko ya goge, abin da ya rage a bayansa siriri ne, zai ci gaba da shiga. Mai kauri kuwa da zarar ƙarshensa ya mulmule, abin da ke bayansa tamkar gatarin faskare ne.

To me ya hana kowa ya wasa wuƙarsa kamar aska? Injin Sheffield ba ya murɗa wuƙa, ba ya cin karo da ƙashi, ba ya ɓamɓare murfin gwangwani. Mutum yana yin duk waɗannan. Siririn baki ya fi jure goguwa amma ya fi saurin lanƙwashewa da ɓantarewa, kuma iyakar sirantar da zai ɗauka tana ga taurin ƙarfen. Ana auna taurin da ma'aunin Rockwell. Victorinox tana wajen 56, Douk-Douk ƙasa da haka, wuƙaƙen girki na Japan kuma sukan wuce 60, shi ya sa suke ɗaukar kusurwar da za ta naɗe bakin Okapi tun a yankan farko. Marasa sunan nan na teburin 'yan koli, wata ta yi tauri wata ta yi laushi ko da daga kwali ɗaya suka fito, sai an gwada.

Ra'ayina shi ne a fara daga ƙasa a hau, maimakon a fara daga sama. A wasa wuƙar a digiri 15 zuwa 17, a yi aikin da aka saba yi da ita na mako guda, sannan a duba bakin a rana. Idan bai lanƙwashe ba bai yi giɓi ba, ta sami kusurwarta. Idan ya lanƙwashe, ba sai an sake aikin daga farko ba: a ɗan ƙara ɗaga bayanta zuwa digiri 20, a ja ta a hankali sau biyar ko shida ta kowane gefe. Wannan yana kafa wani ɗan ƙaramin baki a kan na farko, siriri kamar zare, mai ɗan kauri a ƙarshe amma da sirantarsa a baya. Mai fere mangwaro da feƙe fensir da alƙalamin allo zai zauna lafiya a 15. Makiyayi ko ɗan dako da wuƙarsa ke cin igiya da kara da roba kullum, 20 ta fi masa, in ƙarfen mai taushi ne ma 22. Wanda wuƙar aljihunsa ke buƙatar digiri 30 kuwa, ba washi ne matsalarsa ba, yana sa ta aikin adda ne.

Akwai kuma abin da ke bayan bakin. Ruwan wuƙa yana ƙara kauri yayin da ake hawa zuwa bayanta, kowane washi kuma yana cin ƙasa yana matsawa sama. Wuƙar da ta shekara biyar ana wasa ta, bakinta ya riga ya shiga cikin ƙarfe mai kauri. Za ta aske gashin hannu, amma a sa ta a dankali ko rogo sai ta cije ta tsaga shi. Maganinta a kwantar da ita sosai a kan dutse mai kaushi, kusan digiri 8 ko 10, a rage kafaɗun nan biyu, sannan a koma kusurwar da aka saba. Sirantar ruwa ce ta sa Opinel da Douk-Douk ke ci gaba da yanka ko sun ɗan dakushe, alhali manyan wuƙaƙen nan masu kauri da samari ke so saboda kyan gani ba su iya raba albasar Galmi ba tare da sun murƙushe ta ba.

Yadda hannu zai gane digiri

Ba kowa ke da na'ura ba, ba a kuma buƙatarta. Ɗauki takarda mai kusurwa huɗu. Kowace kusurwa digiri 90 ce. Ninke ta biyu ta zama 45, sake ninkewa ta zama 22 da rabi. Ajiye wannan ninkin a kan dutse, ka jingina ruwan wuƙa a kansa, ka lura da yadda bayanta ya tashi. Ka ɗan sauke kaɗan, kana wajen 20. Ka sauke kashi ɗaya cikin uku, kana wajen 15.

Wanda bai manta lissafin da ake koyarwa kafin jarrabawar BEPC ba yana da hanya mafi daidai. Tsayin da za a ɗaga bayan wuƙa daga dutse shi ne faɗin ruwanta a ninka da sinus na kusurwar. Sinus na 15 wajen 0.26 ne, na 20 kuma 0.34. Wuƙar da faɗin ruwanta milimita 15 ne, za a ɗaga ta kusan milimita 4 don samun digiri 15, da milimita 5 don samun 20. Duba da kyau: tsakanin kusurwoyin biyu da ake ta jayayya a kansu, milimita ɗaya ce da 'yan kai. Hannun mutum yana rawa fiye da haka. Saboda haka masu rantsuwa cewa tasu 17 ce ba 18 ba, kuma da hannu suka wasa, a bar su da imaninsu. Abin da ke da amfani shi ne a riƙe tsayi ɗaya daga farko har ƙarshe. A kafe wuyan hannu, motsin ya fito daga kafaɗa da gwiwar hannu, yatsu biyu na ɗaya hannun suna danne ruwan kusa da baki.

Dabarar da ta fi kowace sauƙi ita ce ta alƙalamin maka, irin wanda ake rubutu da shi a kan buhu. A shafa baƙin a gangaren bakin, a ja wuƙar sau biyu, a duba. Idan tawadar ta goge a sama ta bar ƙarshen baki, an kwantar da yawa, dutsen bai kai ga kaifin ba. Idan ta goge a ƙarshen kawai, an ɗaga da yawa. Idan ta tafi duka, an dace. Wajen tsini, inda ruwan ke lanƙwasa, sai an ɗan ɗaga ƙotar, in ba haka ba nan ne zai rage da dakushi. A kula kuma da wuƙaƙen da ba su da makulli irin Douk-Douk da yawancin Victorinox, don suna iya rufewa a kan yatsa idan aka danna ta baya. Mai Opinel ya juya zoben nan da aka ƙara mata a 1955 kafin ya fara.

Leɓen ƙarfe

Ga inda yawancin washi ke lalacewa. Idan kana goga gefe ɗaya har dutsen ya kai ƙarshen baki, wani siririn ƙarfe yana lanƙwashewa ya leƙa ta ɗaya gefen. Faransawa na ce masa morfil. Ana jin sa idan aka shafa babban yatsa daga bayan wuƙa zuwa baki, a hankali, ba a bi tsawon kaifin ba. Zai ɗan kama fata kamar ƙaiƙayi.

Leɓen nan shi ne shaidar cewa gefen ya gamu. Muddin bai fito daga gindi har tsini ba, ba a gama ba, ko an ƙirga ja ɗari. Shi ya sa shawarar nan ta “sau goma nan, sau goma can” ba ta da tushe, dutse ba ya ƙirga. A tsaya a gefe ɗaya har leɓen ya fito, a juya a yi wa ɗayan haka.

Sai dai bayan ya ba da shaida dole ya tafi. Leɓen da aka bari yana miƙewa tsaye, yana da kaifi, har gashi yana askewa, shi ne ma ke sa mutum ya bar wurin mai washi yana murna. Amma ƙarfe ne da ya gaji, ba abin da ke tokare shi. Yankan farko a kan katako zai kwanta ya rufe kaifin. Da yawa daga wuƙaƙen da ake cewa “ba su riƙe kaifi” ba a taɓa cire musu shi ba. Ana cire shi da sassauta hannu: a riƙa juya gefe bayan kowane ja, baki yana gaba kamar za a yanki dutsen, nauyin hannu yana raguwa har ya zama kusan nauyin wuƙar kaɗai. Ƙarfe mai tsatsa irin na Okapi da Douk-Douk yana sakin leɓensa da wuri. Farin ƙarfe mai arha wanda ba ya tsatsa kuwa yana da naci, leɓen sai ya yi ta komawa wannan gefe da wancan kamar cingam, sai an yi haƙuri.

Kaushi ko santsi

Duwatsun washi suna da lamba. Ƙaramar lamba kaushi, babba laushi. A takardar goge katako da kafintoci ke amfani da ita, mai lamba P400 ƙwayarta maikiron 35 ce, P1000 kuma wajen 18. Lambar Japan daban take, dutsensu mai 1000 ya fi P1000 laushi, mai 8000 kuma ƙwayarsa ba ta wuce maikiron 2 ba, yana mai da ƙarfe madubi. Dutsen nan mai launin toka da fuska biyu da ake samu a kowace kasuwa yawanci na karborandum ne, wani haɗi da Edward Acheson ya gano a Amurka a 1891, kuma ko fuskarsa mai laushi tana cikin masu kaushi. Akwai na Allah-ya-yi masu suna a duniya: rawayan dutsen Beljiyam da ake haƙowa a yankin Vielsalm, na Arkansas a Amurka, da na ƙauyen Saurat a tsaunukan Pyrénées na Faransa.

Dutse mai kaushi yana barin ƙananan haƙora a baki, kamar zarton da ido ba ya gani. Mai laushi yana share su. Wanne ya fi, ya danganta da yadda ake yankan. Idan ja ake yi, kamar a igiya, nama, fatar tumatir, buhu, haƙoran nan su ne ke cafke abin su fara tsaga shi. Baki mai santsi kamar madubi yakan zame a kan igiyar roba, mutum ya yi mamaki, ga kaifi ga ƙin yanka. Idan kuma turawa ake yi kai tsaye, kamar aski, sassaƙar itace, feƙe alƙalami, ko rage kaurin fata irin na dukawa, santsi ya fi, don haƙora na yage abin ne su bar shi da gashi-gashi. Wanzami da mahauci duka gwanayen kaifi ne, amma ba kaifi ɗaya suke nema ba.

A gwajin nan na 2018 an gwada laushi daban-daban, bambancin da aka samu kaɗan ne idan aka kwatanta da na kusurwa, kuma matsakaicin ne ya ɗan yi gaba. Wuƙar aljihu aikinta gauraye ne, yau igiya gobe rake jibi fensir, don haka ni a wurina a tsaya tsakanin 600 da 1000 ya wadatar. Madubi abin sha'awa ne, ba na hana wanda ke jin daɗin yinsa ranar hutu, amma ya sani awa biyun da ya kashe kwali ɗaya mai ƙura zai tafi da su.

Wanda dutsen kasuwa kaɗai gare shi bai rasa komai ba. Ya gyara kusurwa da shi, ya ƙarasa da takardar P600 ko P1000 da aka shimfiɗa a kan gilashi ko tayil, yana jan wuƙar baya-baya don kada ta yanke takardar. Zoben nan mara sheƙi da ke gindin kofin tangaran shi ma dutse ne mai kyau na ƙarasawa. Dakalin siminti da bakin rijiya, inda aka fi yin washi a gidajenmu, suna ci da sauri amma ba su da daidaito, wuƙar girki ta gida za ta jure, ƙaramar wuƙa kuwa cinye ta za su yi. Game da ruwa ko mai: dutsen da aka fara da mai ya zama na mai har abada, wanda aka fara da ruwa a ci gaba da ruwa. Kada dai a sa man gyaɗa, yana daskarewa ya toshe dutsen.

Ƙarshen aiki fata ce. Tsohon ɗamarar fata da aka ɗaure a katako ya isa, a ja wuƙar baya-baya sau biyar zuwa goma, ba tare da an ɗaga ta a ƙarshen ja ba, don ɗagawar na mulmule bakin. Verhoeven ya gano cewa fata zalla ba ta yin wani abin kirki, sai an shafa mata garin gogewa, irin koren nan da masu goge ƙarfe ke amfani da shi. Abin da mahauta da masu kilishi ke yi kuwa, na goga wuƙa a kan wata wuƙa ko a kan sandar ƙarfe kowane 'yan mintoci, ba washi ba ne sosai. Suna miƙar da bakin da ya lanƙwashe ne. Yana aiki ƙwarai a ƙarfe mai taushi irin na maƙeranmu, shi ya sa mai kilishi ke wuni yana shimfiɗa nama siriri kamar takarda da wuƙar da ba ta kai kuɗin kwanon shinkafa ba.

Wajen gwadawa, askin gashin hannu ba hujja ba ce, tunda leɓe ma yana yi. A juya bakin sama a ƙarƙashin haske: kaifi na gaskiya ba ya ƙyalli, duk inda aka ga ɗan farin layi nan ne bai gamu ba. Sannan a yanki takardar jarida a hankali daga gindi zuwa tsini, inda ta cije akwai giɓi ko saura leɓe. A ja ta sau biyu a kan itace, a sake gwada takardar. Idan har yanzu tana ratsawa, kaifin na gaske ne.

Injin kasuwa

Mai injin washi ba mugu ba ne, kuma ga adda da gatari da wuƙar da ta yi babban giɓi ba wanda ya kai shi. Matsalar zafi ce. Bayan an ƙera wuƙa an tsoma ta ta yi tauri, akan sake gasa ta a wajen digiri 200 na zafi don kada ta karye kamar gilashi. Duk zafin da ya wuce wannan daga baya yana sassauta ƙarfen. Busasshen dutse mai gudu yana kai siririn baki can cikin ƙiftawar ido. Idan ka ga launin rawaya-rawaya a bakin, ya wuce 200. Idan shuɗi ne, ya kusa 300, wurin ya mutu sai an cinye shi an kai ga lafiyayyen ƙarfe. Ƙarshen bakin ma yana iya ƙonewa ba tare da launi ya nuna ba, saboda sirantarsa. Ga kuma ɓarna: abin da inji ke ci a washi ɗaya ya ishi dutsen hannu shekara.

Idan dole ce ta kai ka, ka nemi mai dutsen da ake juyawa da hannu ko da feda, ko wanda ke ajiye gwangwanin ruwa kusa yana tsoma wuƙar bayan kowane ja. Ka ce ya taɓa ta sama-sama, ka ƙarasa a gida.

Batun layya kuwa, addini ya yi umarni a kaifafa wuƙa don a hutar da dabba, kuma kada a wasa ta a gabanta. Wannan aikin doguwar wuƙa ce mai baki sumul ba giɓi. Ruwan Opinel mai lamba 8 santimita 8 da rabi ne kacal, bai isa wuyan rago ba, a bar ta wajen gyaran kayan ciki da yankan igiya. In an gama a wanke ta, a buɗe ta ta bushe, a ɗiga mai a mahaɗarta, don garin dutse da jini da ke maƙalewa a nan su ne ke sa wuƙa ta fara girgiɗi. Idan kuma ƙotar itacen ta sha ruwa ta kumbura ta riƙe ruwan wuƙar, abin da ke yawan faruwa da damina, kada a sa farce a yi ta fama. A riƙe ta ta wajen zoben, a buga ƙarshen ƙotar a kan tebur sau ɗaya, tsinin zai leƙo.